Hoton Sallah da fuskar da ta yi duhu

Duk Sallah sai ka ga hotuna sun cika shafuka: shadda fara tas tana walƙiya, amma fuskar mai ita ta yi duhu, ko idanu ba a gani. Abin takaici ne, don ranar ba ta dawowa.

Ba lalacewar waya ba ce. Kyamara tana auna haske ne da abin da ya fi cika hoton. Da ta ga farar babbar riga cikin rana sai ta rage hasken gaba ɗaya, fuska ta dusashe. Maganinsa, ka ɗora yatsa a kan fuskar mutumin a allo, ka riƙe kamar daƙiƙa 2 har ta kulle, sannan ka ja alamar hasken sama kaɗan. Kaɗan fa! In ka zarce, aikin zaren rigar zai ɓace cikin fari.

Daga ƙarfe 11 zuwa 3 rana tana bisa kai, tana jefa inuwa a kwarmin ido. Kai mutum bakin zaure, yana cikin inuwa, fuskarsa na kallon waje. Bayan La'asar kuwa haske ya yi laushi, launin fata ya fi fitowa.

Goge gilashin kyamarar da gefen riga mai taushi. Maiƙon yatsa ne ke sa hoto hazo. Kada ka jawo hoto kusa da yatsu a allo, taka da ƙafarka ka matsa kusa da mutumin.

Wajen turawa a WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi ya rage kyau.