Kilamidiya: inda gizo ke saƙar

A cikin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, ban san wadda maganinta ya kai na kilamidiya sauƙi da araha ba. Doksisaikilin (doksi a taƙaice) mai miligiram 100, ƙwaya ɗaya da safe ɗaya da dare, kwana 7. Mai juna biyu ba a ba ta wannan, sai azitromaisin giram 1 ta shanye lokaci guda. Kuma ƙwayar cutar ba ta yi wa magunguna taurin kai irin na gonoriya ba. Duk da haka, a ƙaramin asibitin da nake aikin jinya a Jos ta Arewa, matan da suka fi tsaya mini a rai su ne waɗanda suka sha magani, suka samu sauƙi, bayan wata biyu ko uku sai ga su da kukan da ya kawo su tun farko.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an samu sababbin kamu kusan miliyan 129 tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Yawancinsu ba sa jin komai: mata kusan 7 cikin 10, maza kimanin rabi. A wannan shirun take ɓarna. Daga bakin mahaifa take hawa zuwa bututun da ƙwai ke bi, ta bar tabo, wani lokaci ta toshe shi. Sai rashin haihuwa, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa, wanda in ya fashe rai ake magana. Jaririn da ya bi ta jikin uwa mai cutar na iya tashi da ido mai ruwa ko ciwon huhu. Magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya goge tabon da ta riga ta yi. Kuma mun san a kan wa ake ɗora laifi idan shekaru suka ja babu goyo.

Mata da yawa da takardar gwaji suke shigowa, an ninke ta har ta fara yagewa. "Sista, an ce staf ne, na yi allura har na gaji." Gwajin da aka yi mata shi ne wanda ake ɗibar ruwan gaba a shuka a faranti a ga abin da zai tsiro. Kilamidiya ba ta tsirowa a farantin nan, domin sai cikin ƙwayar halitta mai rai take iya hayayyafa. Staf kuwa, wata ƙwayar cuta ce daban, yana zaune a fatar mutane da yawa masu ƙoshin lafiya, ba wuya ya bi abin ɗibar ya shiga sakamako. Haka za a yi ta farautarsa da allurai da jiƙe-jiƙen masu lasifika a kasuwa, ainihin mai laifin na kwance. Gwajin da ke kama kilamidiya shi ne mai gano sinadarin gadonta a fitsarin farko-farko ko a ruwan gaba. Na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita a asibitocinmu tana iya wannan aiki idan an samu kayan gwajin da suka dace, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin masu zuwa wurinmu. Shi ya sa muke bin alamomi: in sun nuna, likita ya haɗa maganin gonoriya da na kilamidiya gaba ɗaya. Hanyar tana taimako, amma wadda ba ta jin komai ba za ta taɓa faɗowa cikinta ba.

Kwana bakwan nan ma akwai dalilinsa. Ƙwayar kan shiga cikin ƙwayar halittar jiki, ta yi kwana 2 zuwa 3 tana ninkuwa kafin ta fito ta kama wasu, don haka dole maganin ya daɗe a jini ya tarar da zagaye fiye da ɗaya. Wanda ya je kemis aka yanko masa ƙwaya huɗu da almakashi gwargwadon kuɗin aljihunsa, zafin fitsari zai lafa, cuta kuwa tana nan. Na koyi kada in miƙa doksi sai na yi bayani a tsanake. A sha bayan an ci abinci, da ruwa kofi cike, kada a kwanta sai an yi aƙalla rabin awa, don in ta maƙale a maƙogwaro tana yi masa gyambo. Maganin ƙarin jini da farin maganin olsa suna hana jiki zuƙe ta, a bar awa 2 zuwa 3 tsakani; fura da nono ma a ɗan jinkirta. Da azumi kuwa sahur da buɗa-baki sun isa, illa dai a kula da komawa barci nan take bayan sahur. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ɗora doksi gaba da azitromaisin, saboda ya fi share cutar idan ta zauna a dubura, wurin da takan ɓuya har a jikin mata. Amma idan na fahimci mace ba za ta iya ajiye magani na mako guda a ɗakinta ba tare da an titsiye ta da tambaya ba, nakan gaya wa likita a ba ta azitromaisin na sha ɗaya. Wanda aka haɗiye a gabanmu ya fi wanda aka jefa a masai.

Duk waɗannan masu sauƙi ne a kan batun gida. Galibin masu dawowa sake kamuwa suka yi daga wanda ba a yi wa magani ba. Ƙa'ida ta ce a yi wa duk wanda aka sadu da shi cikin kwana 60 da suka wuce magani, ko yana jin ciwo ko ba ya ji, kuma a ƙaurace wa shimfiɗa kwana 7 har kowa ya gama. A gidan mai mata biyu ko uku, inda girki ke zagayawa, ma'anarsa kowa ya fara rana ɗaya. In ba haka ba, ranar girkin uwargida a ɗauko, ranar girkin amarya a sauke, tun maganin wadda ta zo asibiti bai ƙare ba.

Akwai ƙasashen da ake ba mara lafiya magani ta kai wa abokin zamanta. A nan ina jin tsoron wannan. Wace mace ce za ta haɗiyi ƙwayar da kishiyarta ta miƙo mata? Kuma idan ɗayar na da ƙaramin cikin da ba ta faɗa wa kowa ba, doksi bai dace da ita ba. Maigida ne mabuɗin, shi ne kuma mai wuyar samu.

Wani magidanci da ya amsa kiranmu bai ko zauna ba ya ce, "Sista, ni fa lafiyata ƙalau. Me ake nufi da ni?"

Na ce, "Alhaji, ba a nufin komai sai lafiyar iyalinka. Cutar nan tana iya wata da watanni, har fiye da shekara, a jikin mutum bai sani ba. Gwaji ba ya nuna wa ya fara, ba ya nuna yaushe. Abin da muka sani, in ba a yi wa gida duka magani tare ba, za ta dawo, kuma tana taɓa haihuwa."

Da ya ji zancen haihuwa sai ya ja kujera.

Ba na ce wa kowa daga banɗaki aka ɗauka, ko da yake mata da yawa sun fi son jin hakan, kuma na san dalilinsu. Ba gaskiya ba ne, sannan duk ranar da aka ɗora wa banɗaki laifi an sallami maigida daga shan magani. Amma kafin in rubuta takardar gayyata sai na tambayi matar, mu biyu, ko labarin zai jawo mata duka ko saki. Idan ta yi shiru ta sunkuyar da kai, ba na matsa mata. Mukan nemi wata hanya, sau da yawa abokin aikinmu namiji ya gana da mijin a kan duba lafiyar iyali. Sakamakon wata kuma ba ya zuwa kunnen abokiyar zamanta daga bakinmu.

Duk wanda muka yi wa magani muna ba shi shawarar gwajin HIV da na tunjere, don sau da yawa tare suke tafiya. Mai ciki ta dawo bayan mako 4 a tabbatar cutar ta tafi, kowa kuma ya dawo bayan wata 3. Nakan rubuta ranar a bayan kati da manyan baƙaƙe, in haɗa ta da ranar rigakafin yaro idan akwai, don ita ce ranar da ba a hana mace fita. Mazan kuwa na roƙi shugabanmu a ware musu lokaci bayan la'asar, sa'ad da layin awo ya watse, tunda ɗan kasuwa ba zai rufe shago da safe ya zo ya zauna a benci cikin mata ba.