Lanƙwasar da ta hana ni sakat yau

Tun da sassafe na zauna gaban kwamfuta da niyyar gama abin da na yi wata uku ina ɗagawa, wato yin rajistar adireshin intanet na kaina, domin in daina zaman haya a ƙarƙashin sunan wasu. Na tashi da farin ciki, saboda a daren jiya sunan ya faɗo mini ina gab da barci, har sai da na kunna fitila na rubuta shi a bayan wata takarda kada gari ya waye na manta: Baƙin Allo. Ga shi gajere, ga daɗin faɗa, kuma duk wanda ya taɓa zama a aji ya san abin da ake nufi. Na ce a raina ai magana ta ƙare.

Ashe ba ta ma fara ba. Da na zo rubuta shi a gurbin da ake duba ko wani ya riga ya ɗauka, sai na tuna cewa tsarin sunayen intanet, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a 1983, bai san da zaman haruffanmu masu lanƙwasa ba. Abin da aka gina shi a kai shi ne haruffan Turanci 26, da lambobi daga 0 zuwa 9, da karan ɗori, kuma ba ya karɓar tazara tsakanin kalma da kalma. Sunana mai kyau sai ya dunƙule ya koma bakinallo. Akwai dabarar da aka fitar a 2003, mai suna Punycode, wadda take ba da damar sa harafin da ba na Turanci ba a cikin adireshi, amma a ƙarƙashi tana mayar da sunan wani jerin haruffa da ke farawa da xn da karan ɗori biyu, kuma wani lokaci wannan mummunan jerin ne manhajar shiga intanet take nuna wa mai karatu. Ko da hakan bai faru ba, mutum nawa ne cikin masu karanta ni suke da ƙ a allon rubutun wayarsu? Yawancinsu k za su danna, su faɗa wani wuri dabam ko su tarar da wayam.

Da hantsi na kira Yaya, ina tsammanin za ta ce mini wannan ba komai ba ne.

Na faɗa mata sunan, ta ce, "Auta, sake faɗa in ji." Na sake. Ta ce in turo mata shi a rubuce kamar yadda zai fito a adireshin, na tura, sai na ji ta kwashe da dariya har tana tari. Ta ce, "Bakin allo? Wato wurin da ake tsayar da ɗalibin da bai yi aikin gida ba?" Na ce mata ai kowa zai gane da lanƙwasa ake nufi. Ta ce ko da lanƙwasar ma ban tsira ba, domin mai karatu yana iya ɗauka baƙi ne suka zo wa allo ziyara. Kalma ɗaya, ma'ana uku, kuma biyu daga cikinsu ba nawa ba ne.

Na ji haushi, don haka na shiga kawo mata hujjoji kamar mai kare kansa a gaban alƙali. Na ce mata manyan kamfanoni ma ba su dace da suna tun farko ba. Amazon da Cadabra ya fara a 1994, sai da wani lauya ya ji sunan kamar kalmar Turanci mai nufin gawa sannan aka sauya. Google kuwa BackRub ake ce masa kafin a yi rajistar sunan da muka sani a 1997. Facebook ma a 2004 da wata ƙaramar kalma a gaban sunansa ya fito, aka yar da ita a 2005. Ina nufin in nuna mata cewa suna ba shi ne komai ba, ana iya gyarawa a kan hanya.

Ta bar ni har na gama, sannan ta ce, "Duk waɗannan da ka lissafo sun san abin da suke yi, suna kawai suka rasa. Kai fa, Auta? Idan mutum ya buɗe wannan Baƙin Allo naka, me zai tarar a ciki?" Na ce darussan lissafi mana, irin waɗanda nake koya wa yara. Ta ce, "To tsuntsayen fa, ina za ka kai su? Agogunan da kake kwancewa kana ɗaukar hotonsu fa?" Na ce za su samu ɗan lungu a gefe. Ta ce, "Ka je ka ƙirga abin da ka rubuta bara, sai ka faɗa mini wane ne yake lungu." Daga nan ta ce tana da aiki, ta kashe wayar.

Na ƙirga, kuma da ma ban ƙirga ba. Rubutu 52 na yi a bara. Na lissafi 11 ne kacal, na tsuntsaye 19, na agogo 8, sauran 14 kuwa irin wannan ne da kuke karantawa yanzu, ƙorafin yau da gobe. Ke nan na kusa rataya wa kaina sunan abin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na aikina ba, saboda kawai shi ne nake ganin ya fi kama da abin da mutumin kirki ya kamata a san shi da shi. Hausawa sun ce suna linzami ne, ni kuwa na tashi sa wa dokin linzamin da zai ja shi inda ba ya son zuwa.

Da rana ban taɓuka komai ba sai juya wannan magana.

Hanya biyu ce a gabana, kuma kowacce da ƙayarta. Idan na zaɓi sunan da ke faɗin abin da ke ciki, baƙon da bai taɓa jin labarina ba zai gane tun daga adireshin ko wurin ya shafe shi, kuma idan ya ji daɗi zai iya gaya wa wani a taƙaice cewa ga inda ake bayanin kaza. Amma ranar da na gaji da wannan fanni, sunan zai zame mini rigar da ta yi mini kaɗan. A da mutane kan cusa kalmomin da ake yawan nema a cikin adireshi don su hau saman sakamakon bincike, sai dai tun 2012 Google ya rage wa irin waɗannan shafuka ƙarfi idan abin da ke cikinsu ba shi da inganci, saboda haka wannan ribar ma ba ta nan kamar da. Idan kuma na sa sunana na yanka, ina da 'yancin rubuta duk abin da na ga dama har tsufana, amma sunan ba ya gaya wa kowa komai sai wanda ya riga ya san ni. Na gwada shi duk da haka, na tarar wani mai suna irin nawa ya riga ni a .com, kuma bai sa komai a wurin ba, ya dai kama ya ajiye. Manhajar ta shiga ba ni shawarar in ƙara lamba ko karan ɗori. Na hango kaina ina yi wa mutum bayani a waya cewa biyun lamba ce ba kalma ba, kuma akwai ɗan layi a tsakiya, sai na haƙura. Akwai wasu ƙarshen adireshi da yawa, har da na ƙasashe da aka mayar abin ado, kamar .tv na Tuvalu da .ai na Anguilla, amma yatsun mutane sun saba da .com, suna rubuta shi ba tare da tunani ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da na yi wa Yaya cewa ana iya gyarawa a kan hanya. Ana iyawa, amma ba kyauta ba ne. Adireshi ba saye ake yi ba, haya ce ta shekara 1 zuwa 10 da ake sabuntawa. Wanda ya sauya suna dole ya ci gaba da riƙe tsohon, ya sa shi yana tura masu zuwa ga sabon, in ba haka ba duk mahaɗin da wani ya taɓa ajiyewa ko ya tura wa abokinsa ya mutu, kuma idan wa'adi ya wuce ba a sabunta ba, daga baya wani yana iya ɗaukar sunan ya zuba abin da ya ga dama a ƙarƙashinsa. Manyan kamfanoni suna da ma'aikatan da ke kula da wannan. Ni kuwa ni ne mutumin da ya manta kalmar sirrin imel ɗinsa sau biyu a wata ɗaya.

Can da yamma na tuna da adireshin .com na farko a duniya, wanda kamfanin kwamfuta na Symbolics da ke Amurka ya yi wa rajista ranar 15 ga Maris, 1985. Kasuwancin kamfanin ya durƙushe tuni, aka sayar da adireshin a 2009, amma har yanzu sunan yana nan. Ban san dalilin da ya sa wannan ya sanyaya mini jiki ba. Wataƙila don na ga cewa abin da na ɗauka aikin minti goma ne yana iya zama abin da zai fi ni daɗewa, ga shi kuma ko amsar tambayar da Yaya ta yi mini cikin jimla ɗaya ban iya bayarwa ba. Taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa huɗu na cika baki da su, kuma babu wadda nake son tofarwa.

Da dare saƙonta ya shigo, tana tambaya ko na ƙirga. Na rubuta mata adadin ba tare da ƙarin bayani ba. Bayan ɗan lokaci ta amsa da cewa ta lura kalmar tsuntsu ba ta da harafi mai lanƙwasa ko ɗaya, kuma ita ba ta ce komai ba. Ban mayar mata da amsa ba tukuna. Takardar jiya tana nan a kan tebur, na ja layi a ƙarƙashin sunan amma ban soke shi ba, kuma gobe da ƙarfe takwas ina da darasin kasafi da yara.