Godiya Bayan Daren da Firizar Ɗakin Bincike Ta Mutu

Alhamdulillahi. Sakamakon gwajin ƙarshe ya fito, kuma akasarin samfuran jinin masu sikila sun tsira. Kun san yadda aka kwana da yadda aka wuni tun da firizar da muke ajiye su ta mutu, ba sai mun maimaita ba. Jiki dai har yanzu bai dawo ba.

Godiyar farko ta Baba mai gadi ce. Mun san ba ya son a ambace shi, amma sai dai ya yi haƙuri. Da ya ji ƙararrawa cikin tsakar dare, ya ga ma'auni ya taso daga digiri 80 ƙasa da sifili zuwa 62, bai buɗe ƙofar firizar ya leƙa ba. Ya rubuta lamba da lokaci a takarda, ya buga waya, ya ja kujera ya zauna yana sake rubutawa duk bayan minti 15. Wanda bai san aikin ba zai ga kamar ba komai. Firizar da take cike, muddin tana rufe, takan riƙe sanyi na wasu sa'o'i; buɗewa ɗaya kuwa iska mai ɗumi ta shiga. Takardar nan tasa ita ta nuna mana akwatin da za a fara cirewa. Baba, Allah Ya saka muku da Aljanna, Ya raya muku zuri'a, Ya sa ku gama da duniya lafiya.

A cikin abubuwan da aka ciro daga jinin, RNA (sinadarin da ke ɗaukar saƙon ƙwayoyin halitta) aka fara kwashewa, don shi ne mai saurin lalacewa idan ya narke, sai sunadaran furotin. DNA, wato ma'ajiyar bayanan gado, yana da juriya, shi ya jira. Da an rasa su, da aikin shekaru kan ƙwayar halittar BCL11A, mai rage yawan sinadarin jini irin na jarirai da ake kira HbF, da dalilin da ya sa maganin hydroxyurea yake ɗaga HbF ɗin a jikin wasu masu sikila fiye da wasu, ya koma farko. Kuma ba kowane mara lafiya za a sake samu a ɗebi jininsa ba.

Yayarmu ta ɗakin da ke maƙwabtaka da mu ta kwashe nata kayan ta ba mu kantoci biyu a firizarta, ta kuma kawo busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar carbon dioxide. Yayar ce ta hana a toshe murfin kula gam: ƙanƙarar nan tana kan digiri 78.5 ƙasa da sifili, ba ta zama ruwa, iska take komawa, idan ta rasa mafita sai ta fasa mazubi, a rufaffen ɗaki kuma ta shaƙe mutum. Yaya, Allah Ya biya, Ya tsare ki da irin wannan dare.

Mai gyara ya gano tushen matsalar: ƙura ta toshe matatar iska, ƙanƙara ta taru a robar ƙofa, kwamfiresa, wato injin da ke sanyaya firizar, ta yi ta aiki ba hutu har ta ƙone. Abin da goga da tsumma za su hana, abin kunya.

Ɗalibai da suka kwana suna sake manna lambobi da hannu a daskare, Allah Ya ba ku ilimi mai albarka, Ya buɗa muku ƙofofin alheri. 'Yan'uwan da muka kira suka ce ai firiji ne kawai, a sayi wani, su ma mun gode; Allah Ya bar zumunci.

Akwatuna uku na RNA ba su ci gwaji ba, su za a sake haɗawa ranar Litinin in Allah Ya kai mu.