Sakonnin banza sun ishe ni a Nima, Accra

Jiya da asuba wayata ta yi kara, wai na ci sidi 5,000 a wata gasa da ban taba shiga ba, in danna link in karba. Ni da ko susu ban taba ci ba!

Abin nan fa ya tsufa, tun 1978 wani dan talla a Amurka ya tura sako daya ga mutane kusan 400 a ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci da ta gabaci intanet, yanzu kuwa na'ura ce ke watsawa ga dubbai lokaci guda kuma kusan kyauta ne, shi ya sa ko mutum daya ya fada tarko sun ci riba.

Wanda ya fi bata min rai shine na WhatsApp, za a kira ka a ce Alhaji turo mana lambobi 6 da suka shigo maka don mu saka ka a group din masallaci, kana turawa an kwace akawun dinka, sai su fara rokon yan uwanka kudi ta MoMo, wato tura kudi ta waya, da sunanka. Haka aka yi wa kawuna. Na zauna na kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu, wato karin PIN na sirri a WhatsApp, na ce Kawu PIN dinka ko ni kar ka ba. Daga nan muka kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana, muka kai rahoto.