Takardar Kaka a Bukuru

Ƙarfe bakwai na safe motarmu ta tashi daga Nyanya, mu bakwai a ciki, but cike da buhuna. Watan Disamba ne, hazo ya lulluɓe duwatsun Abuja. Kawuna ne ya kira ni tun farkon mako, ya ce in daure in zo Bukuru, sabon injin ban ruwan da ya saya sai mutuwa yake yi, kuma duk rubutun da ke jikinsa na mutanen Sin ne. "Ance wayarku tana karanta kowane yare, zo mu gani," in ji shi. Kafin in bar gida na sauke Sinanci da Faransanci da Larabci a manhajar fassara da ke wayata, don na san akwai wuraren da sabis yake ɗaukewa a wannan hanya.

Tun kafin mu isa ma aka sa wayar aiki. Mun bar Akwanga ke nan, wata baiwar Allah mai goyo da ke gefena ta ji ina ba direba labarin abin da zai kai ni Filato. Sai ta zaro kwalbar maganin tari daga jaka, ta ce ƙanwarta ce ta kawo mata daga Maraɗi, ba wanda ya iya karanta mata. Faransanci ne. Na haska kyamara a kai, amma mota na jijjiga, kalmomin suna ta rawa a fuskar wayar, wannan ta fito waccan ta ɓace. Dabarar a irin haka ita ce ka ɗauki hoton tukuna, sannan ka ba manhajar ta karanta a tsanake. Da na yi haka sai ga shi ɓaro-ɓaro: a girgiza kafin a sha, kada a ba yaron da bai kai shekara biyu ba. Ɗan nata watansa takwas. Ta yi salati ta mayar da kwalbar jaka. Na roƙe ta da ta sauka ta nuna wa likita ko mai kemis, domin ni ban yarda a auna wa jariri magani da fassarar waya ba, komai kyawunta.

Aikin hawa biyu ne. Da farko manhajar tana gane siffar baƙaƙen da ke cikin hoto ta mayar da su rubutu, sannan ta fassara, ta shafe na asalin ta ɗora sabon a gurbinsa, har ka ɗauka da Hausa aka buga kwalbar. Wata manhaja mai suna Word Lens ce ta fara ba duniya mamaki da wannan a 2010, Google ya saye kamfaninta a 2014, ya haɗa fasahar da manhajarsa ta fassara a 2015. Hausa kuwa ta shiga jerin harsunan Google Translate tun ƙarshen 2013.

A Hawan Kibo hira ta mutu. Tireloli na nishi a gabanmu, kunnuwa suka toshe, kowa ya ja gilashi saboda iskar da ta sauya. Da muka hango duwatsun Riyom, waɗanda suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su, na san mun iso ƙasar sanyi. Azahar ta yi mana a Bukuru.

Ban ko huta ba Kawu ya ɗora ni a babur sai gona. Gonarsa tana bakin wani kududdufi ne, irin ramukan da masu haƙar kuza suka bari ruwa ya cika su, waɗanda yau su ne rayuwar masu noman rani a wannan yanki. Kabeji ya fara naɗe kai, ga karas, ga latas. Injin yana can gangaren bakin ruwa, a karkace, an tokare shi da dutse. Kawu ya ja igiya, ya tashi, bai yi minti uku ba ya mutu.

"Ka gani ko? Gobe zan mayar musu da kayansu."

"Kawu, a ɗan yi haƙuri in duba."

Na goge wata 'yar takarda ruwan ɗorawa da ke manne kusa da wurin zuba baƙin mai, na kare ta daga rana da hulata don ƙyalli yana hana kyamara gani, na ɗauka. Hausar da ta fito ba mai daɗi ba ce, sai da na duba ta Turancin na haɗa su, amma maganar a fili take. Injin yana da na'urar da ke kashe shi da kanta idan baƙin mai ya yi ƙasa, kuma dole a girke shi a wuri mai daidai. Da yake a karkace yake, man ya taru gefe guda, na'urar ta ɗauka ya ƙare. Tsohon injinsa ba shi da wannan, shi ya sa abin bai zo masa a rai ba. Muka sa fartanya muka baje ƙasa, muka ƙara mai, muka cika cikin famfon da ruwa. Har muka bar gonar da la'asar tiyo na ta aman ruwa. Kawu bai ce komai ba sai "Ikon Allah," yana maimaitawa.

Bayan isha'i muna jin wuta a tsakar gida, ya shiga ɗaka ya fito da wata tsohuwar gafaka. Ya ce tunda wayar ta karanta na Sin, to ga na gida. Takarda ce guda, ta yi ja, ninkinta ya fara tsagewa, an rubuta ta da tawada da alƙalamin kara. Wasiƙar mahaifinsa ce, kakana, wadda ya aika wa wansa a ƙasar Kano lokacin da ya zo aikin kuza yana saurayi. Bayan rasuwar wan aka dawo da ita.

Na haska fitila, na ɗauki hoto har sau huɗu. Manhajar ta ce Larabci ne. Ta kama bisimillar da ke sama daidai, daga nan sai ta shiga zubo kalmomin da ba su da kai ba su da gindi. Na ciro naira ɗari biyar na gwada da ajamin da ke jikinta, wanda bugun inji ne, shi ma ba ta ba ni "naira ɗari biyar" ba.

Ban ga laifinta ba, abin da aka koya mata ta sani. Baƙaƙen na Larabci ne amma bakin Hausa ne, kuma hannun irin na allo ne, mai bin tsarin Magariba, wato Arewacin Afirka, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ga tsa mai ɗigo uku da babu ita a Larabci, ga ɗigon imala da muke yin wasalin e da shi. Sinanci yana da littattafai da jaridu da ba su ƙirguwa a kwamfuta. Ajaminmu kuwa yawancinsa yana cikin gafaka da adaka, wani a ma'adanai irin ta gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, inda ake ajiye da tarin rubuce-rubucen hannu na malamanmu. Abin da ya sosa mini rai shi ne ni ma na kasa. Na yi allo ina yaro, ina gane baƙi ɗaɗɗaya, amma haɗa su ya gagare ni.

Kawu ya karɓi takardar, ya sa tabarau, ya matso da ita kusa da fitila. Bai yi gargada ba ko sau ɗaya. Bayan gaisuwa mai yawa, Kaka yana shaida wa wansa ya iso lafiya, ta jirgin ƙasa daga Zariya. Ƙaramin jirgin nan ne da ya fara zuwa Filato a 1914 aka daina shi a 1957. Ya ce sanyin ƙasar nan ba irin namu ba ne, ruwan alwala kamar yankan wuƙa, wanda duk zai biyo shi ya taho da bargo. Ya ce ya ba mai kawo takarda sule goma, a saya wa Inna zane, saura a biya masa haraji. Ya ce kada a sayar da jakinsa, in Allah ya yarda da damina zai dawo.

"Bai koma ba," in ji Kawu. "A nan ya yi aure, a nan aka haife mu, ni da mahaifiyarka."

Na roƙe shi ya sake karantawa a hankali, na kunna naɗar murya. Daga nan muka bi ta layi-layi, yana aza yatsa a kan kalma yana faɗa, ni ina rubutawa da boko a ƙarƙashin hoton. Layi goma sha huɗu ne, suka ci mana fiye da awa ɗaya, garwashi har ya zama toka. A layi na ƙarshe gara ta cinye kalma ɗaya, wurin da Kaka ke lissafa waɗanda za a gayar masa. Kawu ya daɗe yana kallon ramin, ya ce yana jin sunan ƙanwar su Kaka ce da ta rasu tana ƙarama. Na bar wurin fili.

Da asuba, kafin in tafi tasha, ya buɗe gafakar ya nuna mini sauran. Takardu ashirin da ɗaya na ƙirga.