Ɗora gyara a kan bayanan da ba a taɓawa

Jerin garuruwa da ƙauyukan ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato yakan zo mana ne a fayil guda na SQLite, wato wani tsarin adana bayanai cikin jadawali a kwamfuta, kuma ba mu da hurumin canza ko harafi ɗaya a cikinsa, domin duk lokacin da aka sabunta shi, sabon fayil ne ke maye gurbin tsohon. Sai dai abokan aikinmu da ke zagaya Gwadabawa da Wurno kan dawo da gyare-gyare.

Na ware wa gyaran fayil na biyu, ina jingina na asalin da umarnin ATTACH, wanda ke ba da damar buɗe fayilolin biyu tare, a matsayin na karantawa kawai. Kowane gyara yana ɗauke da lambar shaidar layin da ya shafa, ba sunan garin ba, tunda sau da yawa sunan ne ake gyarawa. Wajen karantawa, umarnin LEFT JOIN, mai haɗa kowane layin asali da gyaransa, da na COALESCE, mai ɗaukar gurbin farko da ba fanko ba, suna fifita gyaranmu a inda yake akwai.

Wurin da ke buƙatar natsuwa shi ne sharewa. COALESCE ba ya bambance gurbin da aka bari fanko da gangan da wanda ba a taɓa ba, saboda haka kowanne sai an ba shi alama ta musamman. Haka kuma nakan adana abin da ke asalin a ranar da aka yi gyaran, domin idan sabon fayil ya zo da wani abu dabam, manhajar da ke karanta fayilolin ta tambayi mutum maimakon ta yanke hukunci da kanta.