Alkaki Ba Ya Son Gaggawa

Kayan gara nake yi, a cikin gida, a nan Kano: alkaki, nakiya, dublan, cincin, gireba, sai tuwon madara da gullisuwa ga mai so. Akwai mata uku da ke taya ni, kuma idan biki ya yi yawa, kamar makonnin bayan ƙaramar Sallah, har 'ya'yan maƙwabta sai sun shigo yanka cincin. Fulawa da sukari da mai daga kasuwar Singa nake saro su. Riɗi da alkama kuwa sai Dawanau, ko in sa a taho mini da alkamar daga wajen Kura in kakar noman rani ta yi.

Duk mai son sanin hannun mai gara, ya ɗanɗana alkakinta. Cincin kowa ma zai iya. Alkaki ne ba a yi masa wayo. Ba a niƙa alkamar ta yi laushi, ɓarza ta ake yi, shi ya sa nake tsayawa a kan mai inji har ya gama. Daga nan a murje ta da mai, a kwaɓa da ɗan yis ko nono mai tsami, a rufe ta kwana. Da safe ka buɗe, tsamin ne zai fara dukan hancinka, sai a zuba ruwan kanwa kaɗan kaɗan har ya kwanta. Kanwar ta yi yawa alkaki ya yi duhu da ɗaci, ta yi kaɗan ya farfashe a cikin mai. Babu awo a nan, hannu ne da hanci. Suyar ma wuta ƙasa-ƙasa take so, don cikin ya soyu kafin bayan ya ƙone. Sannan a tsoma shi cikin ruwan sukari da aka dafa da tsamiya ko lemun tsami, wanda ke hana sukarin daskarewa ya yi fari a jikinsa. Masu hali sukan ce a yi musu da zuma, kuma gaskiya ya fi, amma samun zumar da ba a haɗa ta da sukari ba shi ma aiki ne.

Nakiya ta fi cin ƙarfi. Shinkafa ce a wanke, a shanya, a niƙa, a soya garin, sannan a kirɓa a turmi da dafaffen sukari da man shanu da citta da kanunfari da masoro. Wadda ta kirɓu sosai sai ta yi wata da watanni a rufe cikin kwalla ba ta canja ba, har amarya ta haihu a fito da ita. Wannan ne ya sa nake ganin kakanninmu sun fi mu lissafi. Duk kayan nan an tsara su ne don gidan da babu firiji. Kek mai kirim kuwa, a ɗauke wuta yini ɗaya a watan Afrilu ka ga yadda zai koma.

Ba wai ina ƙin sabon abu ba ne. Rabin abin da na iya yanzu masu saye ne suka koya mini. Wata baiwar Allah da ta zauna a Sudan ita ta nuna mini basbusa, wadda ake gasawa da garin samolina da kindirmo, a kwarara mata ruwan sukari tana fitowa daga wuta da zafinta. Masu dawowa daga Umara kuma suka ishe ni da zancen kunafa, wani kayan zaƙin Larabawa mai kamar siririyar taliya da ake sa wa cuku a tsakiya, har na gwada ta, sai dai cukun da take so yana da wuyar samu da tsada, don haka sai an yi oda nake yi. Ita kanta gireba da muke ɗauka tamu ce, Larabawa suna da irinta, kuma ba abin mamaki ba ne a garin da fataken Tarabulus suka daɗe suna zaune kusa da kasuwar Kurmi. Na taɓa sa dakakken dabino a madadin rabin sukarin nakiya, don wata Hajiya da likita ya ce ta rage zaƙi. Ta yi daɗi, amma ba ta jure ajiya kamar ta asali, kuma na gaya mata haka tun kafin ta biya.

Abin da ya fi wahalar da mu shi ne farashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin buhun sukari da jarkar mai ba sa zama wuri ɗaya, gas ma haka, har na koma gawayi a suyar alkaki. Uwar amarya za ta zo ta ce, "Haba Hajiya, bara fa ba haka kika yi wa Yayarta ba." Sai in ce, "Wallahi Mama, ki je Singa ki tambayo, in kin samu a kuɗin bara ni ma ki sayo mini." A yi dariya, a rage bokiti ɗaya na dublan, a daidaita. Abin da ba na yi shi ne rage man shanu ko soya sabon kaya a tsohon mai, don dangin ango za su ɗanɗana, kuma a cikinsu ne ake samun mai odar gaba.

Yanzu da yawa ta WhatsApp suke turo oda, wasu daga Abuja da Kaduna, a kai tasha a ba direba. Dublan ne ke ba ni tsoro a hanya saboda saurin karyewa, shi ya sa nake jera shi a bokiti mai murfi, in shimfiɗa takarda tsakanin kowane layi. Sharaɗina biyu ne: a ba da rabin kuɗi tun farko don in sayi kaya kafin su tashi, kuma a sanar da ni aƙalla mako biyu kafin ranar kai gara. Wanda ya kira ni ana jibi biki, cincin da gireba kawai zan iya yi masa.